Dabul sitan ko na gefe: wanne ya cancanci kuɗinka?

Yawancin ƙananan baburan da suka cika titunanmu, su Boxer da TVS da Jincheng da Haojue da 'yar roba-roba, da abin kafewa iri biyu suke fitowa daga kwali. Akwai sitan ɗin gefe, ƙarfe ɗaya a hagu da ake turawa da dunduniya mashin ya jingina. Akwai kuma dabul sitan mai ƙafa biyu a ƙarƙashin ciki, wanda ke ɗaga tayar baya mashin ya tsaya cak a miƙe. To amma je ka inda ake ajiye babura a bakin kasuwa ko ƙofar masallacin Juma'a, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinsu. Da yawa babu dabul ɗin. Wani ya lanƙwashe an cire an yar. Wani sifirin ɗinsa ya saki, yana ta ƙara a kowane rami har mai shi ya gaji ya sa an kwance. Wani kuma yana nan, amma an ɗaure shi tamau da robar tsohon tif, ba ya sauka sai an warware ƙulli. Wanda ya sayi na hannu sau da yawa a haka zai same shi, sai ya tsaya yana shawara: in mayar ne, ko in bar shi haka?

Masu manyan baburan doguwar tafiya ma suna da wannan shawarar, sai dai tasu ta fi cin kuɗi. Yamaha Ténéré 700 da ta fito a 2019, wadda aka raɗa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar, ba ta zuwa da dabul. Haka Honda Africa Twin, haka Suzuki V-Strom 650. Kamfanin yana sayar da shi daban, in ka ga dama ka saya a ɗaura maka. Baburan tsere da na tsalle-tsallen daji kuwa galibi ko mazauninsa ba a yi musu ba, domin a wurinsu kowane kilo nauyi ne, kowace santimita tsakanin ciki da ƙasa kuma tana da daraja.

A ganina mutane suna kuskure tun daga wurin fahimtar aikin kowannensu. Ana ɗaukar dabul a matsayin babban sitan, wanda ake kafe mashin a kai idan ana so ya tsaya da ƙarfi, na gefe kuma na ɗan tsayawa ne a sayi kati a dawo. A zahiri kusan akasin haka ne. Na gefe shi ne na ajiya. Dabul kayan aiki ne, ɗan'uwan sifana da famfon iska. Idan ka kalle shi haka, shawarar saye ko bari takan zo da sauƙi.

Bari mu fara da maganar tsayuwa, tunda nan ne aka fi musu. Kowane sitan ka yi amfani da shi, a wuri uku mashin ke taɓa ƙasa. A kan na gefe: tayar gaba, tayar baya, da bakin sitan ɗin da ya fita can hagu. A kan dabul: ƙafafunsa biyu da tayar gaba. Lissafin murhu ne, in duwatsun uku sun ware tukunya ta zauna daram, in sun matsu wuri ɗaya ɗan taɓi kaɗan ya kifar da ita. Ƙafafun dabul na ƙaramin mashin tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya da 'yan kai ba, ga shi kuma ya ɗaga mashin sama, nauyin ya ƙara nisa da ƙasa. Na gefe kuwa ya baza ƙafa, nauyin mashin ya kwanta a tsakiyar wuraren ukun. Shi ya sa idan hadari ya taso da irin iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi, mashin ɗin da ke kan dabul, musamman wanda aka lulluɓe da tamfol, ya fi saurin zuwa ƙasa.

Sai kuma ƙasar da za ka kafe a kai. Dabul yana son daɓe ko kwalta, wuri mai tauri kuma a shimfiɗe. Kafe shi a rairayi ko a ƙasar da ruwa ya jiƙa, za ka ga ya tsaya lafiya lau, ka shiga gida ka yi alwala, ka fito ka tarar ƙafa ɗaya ta nutse mashin ya kwanta, madubi ya fashe, fetur na tsiyaya. Na gefe ma yana nutsewa, har a kwalta idan rana ta narkar da ita a watan Afrilu, amma maganinsa a ƙasa yake ko'ina: gwangwanin lemo da aka take, guntun katako, fasasshen tayil, murfin gwangwanin madara. Ka sa a ƙarƙashin bakinsa, magana ta ƙare. Wasu ma sukan sa mai walda ya ƙara wa bakin faɗi da ɗan farantin ƙarfe, kuma wannan gyara ne mai kyau muddin bai yi faɗin da zai taɓa sarƙa ko fedar giya ba idan an naɗe shi.

A gangare bambancin ya fi fitowa. Mashin a kan na gefe, ka sa shi a giya ta ɗaya ka juya kansa ya kalli tudu, tayar baya tana ƙasa, giya ta riƙe shi ba inda za shi. A kan dabul tayar baya a sama take, giya ba ta riƙe komai. In kansa ya kalli gangare, turi kaɗan, ko yaro ya hau yana wasan tuƙi yana jijjiga shi, sai ya zame gaba ya sauka da kansa.

Wuri ɗaya da dabul ya fi a maganar ajiya shi ne idan mashin zai daɗe ba a taɓa shi ba. Mashin da ke kan na gefe, idan tayarsa ta sace a hankali, jikinsa yana yin ƙasa, sitan ɗin kuwa tsawonsa bai ragu ba, don haka mashin ya riƙa miƙewa har ya wuce ya faɗi ta dama. Ga tsohuwar kafireta da ke zubar da mai idan ta karkata, ko da yake wannan rufe makunnin fetur ke maganinsa. Sannan a zaure ko soro mai ƙunci, mashin a miƙe ya fi barin hanya.

Yanzu ga inda dabul ke cin kasuwarsa, kuma a nan babu mai kamo shi.

Na farko sarƙa. Littattafan kamfanoni da dama suna cewa a duba ta a sa mata mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, a lokacin ƙurar hunturu ko caɓin damina ma kafin nan. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu yana cinye wannan tazarar cikin 'yan kwanaki. Ba tare da dabul ba, sa wa sarƙa mai aikin wahala ne: ka shafa inda hannunka ya kai, ka tura mashin gaba, ka sake kafewa, ka sake shafawa. Mafi yawan mutane idan abu ya zama haka sai su daina yi, sai sarƙa ta fara kuka. Da dabul kuwa ka tsuguna, hannu ɗaya na juya taya ɗaya na ɗiga mai. Haka wajen ɗaure ta. Sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida, akwai inda ta fi tsauri akwai inda ta fi saki, kuma a wurin da ta fi tsauri ake auna ta. Ba za ka gano wurin ba sai kana juya tayar a sake kana taɓawa. A ƙananan mashin sakin da ake so galibi yana tsakanin milimita 20 zuwa 30, amma ka duba takardar da aka manna a murfin sarƙa ko littafin mashin ɗinka, ka kuma lura ko a kan wane sitan aka ce a auna. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan tayar baya na rataye a sama sarƙa takan ƙara saki, idan mutum ya hau da fasinja da buhu sai ta ja. Wanda ya ɗaure ta kamar tsirkiya a kan dabul, da zarar an yi lodi za ta riƙa cin haƙoranta tana cin boris ɗin injin.

Gargaɗi ɗaya a nan, domin dabul ɗin ne ke jawo shi. Kada ka tayar da inji ka sa giya taya na juyawa, kai kuma kana goge sarƙa da tsumma. Sarƙa za ta fara kama tsumman, sannan yatsu su bi shi cikin haƙora. Makanikai da yawa sun san wanda ya rasa kan yatsa ta wannan hanyar. Inji a kashe, giya a firi, hannu ke juya taya.

Na biyu faci. A cikin gari mai faci ba ya nisa, kuma yana da dabararsa ko ba ka da dabul: ya jawo bulo ko kututture, ya ce wa yaronsa ya karkata mashin, ya cusa a ƙarƙashin inji. Amma wanda ke bin hanyar ƙauye ranar kasuwa, ko malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura wani gari mai nisa da kwalta, shi kaɗai ne da sifanarsa da gam da famfo idan ƙaya ko ƙusa ta same shi. Da dabul zai zare tayar baya a tsaye cikin natsuwa. In ta gaba ce, ya ɗora dutse ko jakarsa a kan kariya, wato ƙarfen ɗaure kaya na baya, baya ya yi ƙasa gaba ya tashi. Babu dabul, sai ya kwantar da mashin a ƙasa, fetur na zuba ta murfin tanki, ruwan batir na bin jiki idan tsohon batir ne mai ruwa.

Na uku baƙin mai, kuma wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Ƙaramin inji abin da yake ɗauka bai wuce lita ɗaya ko kusa da haka ba. A injuna masu tsarin Honda ma'aunin yana ɓangaren dama, mashin kuwa hagu yake jingina a kan na gefe. Man ya gangara hagu, ka zaro ma'auni ka ga kamar babu, ka ƙara, ya yi yawa, ya fara neman hanyar fita ta sil da gasket. Awon gaskiya sai mashin na tsaye a miƙe a wuri mai daidai. Za ka iya sa wani ya riƙe maka, amma dabul ya raba ka da neman mutum.

Sai buga kik. Wanda batirinsa ya mutu, ya saba tsayawa a kan mashin yana dukan kik alhali yana kan na gefe, yana lalata kunnen ƙarfen da sitan ɗin ke maƙale a jiki. Sannu a hankali kunnen ya buɗe, mashin ya riƙa kwanciya fiye da da, wata rana ya tsage. Dabul ya fi jure wannan, ko da yake shi ma ba don a hau a zauna ana hira aka yi shi ba. Masu mayar da mashin kujera a majalisa, mutum biyu a kai yana kan dabul, su ne ke zuwa bayan wata shida suna cewa ƙarfen yanzu ba shi da kyau.

Maganar lodi kuwa na ga kowane ɓangare da nasa. A kan na gefe, idan ka ɗora buhun masara, shokazoba ta danne, mashin ya miƙe, yana iya kifewa ta dama kana tsakiyar ɗaure igiya. A kan dabul yana miƙe, ɗauri ya fi daidaita, amma nauyi a can baya yana ɗaga tayar gaba, kuma saukowa da shi da buhu biyu a kai wani aiki ne. In kayan masu nauyi ne sosai, babu sitan ɗin da ya kai mutum ya hau ya dafe ƙasa da ƙafa biyu ya kama birki, wani ya yi ɗaurin.

To me dabul ke ci maka? Nauyi kaɗan, a manyan mashin kilo biyu zuwa huɗu, wanda a kan Africa Twin mai fiye da kilo 220 ba abin damuwa ba ne. Babbar hasararsa tazarar ƙasa ce. Ko a naɗe yake, shi ne yakan zama mafi kusa da ƙasa a cikin mashin. Da fasinja biyu ko lodi, shi ke fara gurzar tudun rage gudu, shi ke kama dutse a hanyar burji, shi ke tara ciyawa da laka a gona. A kwanar hagu kuma, ɗan hannun nan da ake takawa yana iya taɓa kwalta idan ka kwanta sosai, kuma ƙarfe idan ya taɓa ƙasa a kwana yana rage wa tayar baya riƙo. Wanda aikinsa kullum cikin kwazazzabai da duwatsu ne da kaya niƙi-niƙi, idan ya cire dabul ba wauta ya yi ba.

Kuma akwai abin da zai maye gurbinsa. Masu baburan tsere suna da wani sitan na daban mai ƙananan tayoyi, ana saƙala shi a ƙarfen da ke riƙe tayar baya a danna ya ɗaga. Yana da kyau ƙwarai, ya fi dabul faɗi, amma a gida yake zama, ba ya bin ka hanya. Akwai kuma dabarar matafiya: mashin na kan na gefe, ka ɗaure hannun birkin gaba da roba, ka tura mashin ya ƙara karkata hagu har tayar baya ta tashi, ka tokare ƙarfen tayar ta dama da guntun itace mai ƙwari. Ya isa a sa wa sarƙa mai, ya isa a yi faci in an yi a hankali, amma ba tsayuwar da za ka ja noti mai tauri a kanta ba ce.

Idan ka yanke shawarar sawa, zaɓi uku ne a gabanka, kuma ba daidai suke ba.

Na kamfani, wanda aka ƙera domin wannan mashin ɗin, shi ne gaba. Ko sabo ne, ko wanda aka ciro daga mataccen mashin irin naka. Ni da a ba ni sabon da ba a san asalinsa ba, gara tsohon orijina da aka kwanto a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, muddin bai lanƙwashe ba kuma ramin da yake juyawa bai zama ƙwai ba. Dalili shi ne dabul ba ƙarfe biyu ne kawai da aka haɗa ba, awo ne. Tsawonsa sai ya zama daidai yadda tayar baya za ta bar ƙasa da kamar yatsa ɗaya ko biyu. In ya fi haka tsawo, ɗora mashin ya zama kokawa. In ya gaza, taya na ƙasa, amfaninsa ya tafi. Sannan idan ya sauka dole ya ɗan wuce miƙe zuwa gaba kafin ya tokare, domin wannan 'yar wucewar ce ke kulle shi. Ta yi kaɗan, mashin ya sauka da ɗan turi. Ta yi yawa, tayoyi biyu su zauna a ƙasa, saukar da shi kuma sai da gumi.

Na biyu sabon na kasuwa, irin da ake shigowa da shi ko ake sarowa daga Nnewi. A ciki akwai mai kyau akwai na banza, kuma fenti ɗaya ne a jikinsu. Ɗauke shi a hannu ka ji nauyi, ka leƙa kaurin bututun ta bakinsa, ka dubi waldar da ta haɗa hannun takawa da ƙafar hagu, domin nan ne yake fara karyewa. In da hali ka je da tsohon ka jera su. Ga manyan mashin akwai kamfanonin da suka shahara da wannan sana'a, irin SW-Motech da Hepco & Becker na Jamus, kuma kowane dabul nasu da sunan mashin da shekarar da aka yi shi dominsa. Ka tabbatar shekarar ta dace, ka kuma tambaya ko zai zauna tare da salansar da ke jikin mashin ɗinka in an canza ta, da farantin kare inji in akwai. Wanda aka rage wa mashin tsawo don ƙafarsa ta kai ƙasa, dabul na asali zai yi masa tsawo. Wanda ya sa doguwar shokazoba ko taya mai kauri, zai yi masa gajarta.

Na uku na mai walda. Gyaran dabul a wurin mai walda ba laifi: a cike inda ya cinye, a miƙe ƙafar da ta karkace, a mayar da hannun da ya karye, duk a cire shi daga jikin mashin a yi a ƙasa. Ƙera sabo daga rodi kuma sai gwani, kuma sai yana da na asali a gabansa yana kwafa. Abin da ba na goyon baya shi ne a kama firam ɗin mashin da ba a yi masa mazaunin dabul ba a ce za a walda masa kunnuwa. Wuta tana raunana bututun firam a daidai inda nauyin inji da na mutum ke haɗuwa, kuma tsagewar wurin ba a tsaye take zuwa ba, a kan gudu take zuwa. In kunnen asali ne ya tsage dole sai an walda, a sauke tanki a kai shi nesa, a cire kan batir da akwatin wuta tukuna.

Kafin ka sayi komai ma, a duba kunnuwan. Sau da yawa mutum zai zo da sabon dabul a leda, makanike ya kwanta ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai ba dabul ɗin ba ne, mazaunin ne ya cinye." Sabo a kan cinyayyen mazauni rawa zai yi kamar tsohon.

Ɗaurawar ba ta da wuya, in ban da sifirin. Mashin na kan na gefe, a giya, a wuri mai daidai, salansa ta huce. A wanke ramukan da fetur a goge tsatsa, a cika bututun da dabul ke juyawa a kai da giris, a zura, a sa fin ɗin da ke hana shi zarewa, sabo ba tsohuwar ƙusa da aka lanƙwasa ba. A lura da wani abu: a yawancin mashin masu tsarin Honda CG125, wadda ta fito a 1975 kuma kamfanonin China da dama suka kwaikwayi ƙirarta, wannan bututun shi ne kuma ke riƙe da fedar birkin baya. Wato duk wanda ya taɓa dabul ya taɓa birki. Bayan an gama sai an taka fedar an ga tana dawowa da kanta, fitilar birki tana kamawa, kafin a hau titi.

Sifirin ɗin gajere ne mai taurin kai, kuma shi ke fasa wa mutane yatsu idan suka kama shi da filaya ya kuɓuce. A sa shi lokacin da dabul ke naɗe, nan ne tazarar ta fi gajarta. Hanya mai sauƙi: a lanƙwasa sifirin a hannu, a riƙa cusa wosha a tsakanin zobbansa, ɗaya ta nan ɗaya ta can, har ya ƙara tsawon da zai saƙalu ba tare da ja ba. Da an sauke dabul sifirin ya buɗe, wosha su zube da kansu. A Nijar, inda har yau kuɗin ƙarfe ke yawo a aljihu, kuɗin ma suna yin aikin wosha. Wata hanyar, a zura igiya mai ƙwari ko wayar birki a ƙugiyarsa, a naɗe a jikin sifana, a ja da hannu biyu, fuska a kauce. Idan dabul ɗin mai sifirin biyu ne, ƙarami a cikin babba, a sa duka biyun, na biyun yana nan ne domin ranar da na farko zai tsinke a kan gudu. Sai 'yar robar nan da dabul ke dukawa idan ya naɗe. Ƙarama ce, ana raina ta, amma rashinta ne ke sa shi bugun salansa ko gogar sarƙa, kuma ƙarar da ke sa mutane cire dabul gaba ɗaya yawanci daga ita ne ko daga gajiyayyen sifirin, abubuwa biyu mafi araha a jikinsa.

Saura ɗora mashin a kai, inda ƙarti ke jin kunya. Za ka ga ƙato yana ɗaga bayan mashin da ƙarfin damtse yana nishi, ga kuma mata a Tamale ta arewacin Ghana, inda hawan babur ba baƙon abu ba ne a wurinsu, suna ɗora nasu da jaka a kafaɗa. Nauyin jiki ke yin aikin. Tsaya a hagu, giya a firi, kan mashin a miƙe. Hannun hagu a kan hannun mashin na hagu, ba ka taɓa birki ba. Hannun dama ya kama kariya ko ƙarfen gefen kujera. Taka hannun dabul da ƙafar dama har ya taɓa ƙasa, sannan ka ɗan tura mashin daga jikinka a hankali har ka ji ƙafa ta biyu ita ma ta zauna. Wannan shi ne wurin da ake tsoro, domin ji kake kamar zai faɗi ta can, kuma wanda ya tsallake shi yana ƙoƙarin ɗaga mashin a kan ƙafa ɗaya ne. Da ka ji biyun sun zauna, ka hau kan ƙarfen da dukkan nauyinka kamar mai hawa matakala, hannun dama yana rakiya sama da baya. Zai hau da kansa. Da takalmi mai tauri ake yi, silifa tana zamewa, ƙarfen kuma yana huda tafin ƙafa. In tayar baya ta sace mashin ya yi ƙasa, ɗorawar za ta yi nauyi, sai ka fara tura tayar ta hau kan guntun katako.

Wajen saukewa, ka naɗe na gefe tukuna, domin idan mashin ya diro shokazoba takan danne, sitan ɗin ya daki ƙasa ya wurga mashin dama, ko ya sauka a kan yatsun ƙafarka. Kama kai da hannu biyu, yatsu biyu a kan birkin gaba, ka tura gaba, yana dira ka kama birki ka bar shi ya ɗan jingino jikinka. Mai babban mashin ko gajeren mutum ya fi samun natsuwa in ya hau ya zauna, ya jijjiga shi gaba ya sauka ƙafafunsa biyu suna jiran ƙasa.

Wanda mashin ɗinsa na cikin gari ne, makanike ke yi masa komai har sa wa sarƙa mai, kuma a rairayin ƙofar gida yake kafewa, kuɗinsa ya fi amfani a gyaran na gefe: sabon sifirin, a matse kunnen, a faɗaɗa bakin. Mai lodi a hanyar duwatsu shi ma zai iya haƙura, ya riƙa tafiya da guntun itacen tokare a ƙarƙashin kujera. Amma ɗan acaɓa, da mai bin hanyar ƙauye, da mai babban mashin da ke nufin Agadas ko wata doguwar hanya, da duk wanda ke taɓa mashin ɗinsa da hannunsa, ya mayar da dabul, na asali in ya samu. Bayan an ɗaura, ya sa mutum biyu su hau mashin ya duƙa ya ga tazarar da ta rage tsakanin dabul da ƙasa, da tsakaninsa da sarƙa. Bayan kwana biyu yana hawa kuma ya sake bin notin da sifana, ya duba fin ɗin yana nan.